Ciwon Cikin Da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa: A Fara Da Awo Kafin A Kwance Lalita

A wannan mako za mu karkata akalarmu zuwa kudancin Jihar Kaduna, mu yada zango a Samarun Kataf, garin nan na Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf wanda Atyap ke kira Cenkwon. Kada a rikita shi da Samarun Zariya. Gari ne na mararraba, inda matafiya daga Zonkwa da Kafanchan da Manchok ke ratsawa, kuma gari ne na manoma da malaman gona. Duk inda hanyoyi suka haɗu kuwa, kasuwa takan ci, kuma duk inda kasuwa ta ci ba a rasa mai maganin ciki.

A da, mai maganin ciki shi ne wanda ke shimfiɗa tabarma ya baje sassaƙe da sauyoyi da ƙullin kanwa. Yau ya sami abokin gasa. Wannan sabon shiga yakan zo da jaka mai kyau, da kwalabe masu sheƙi da aka rubuta wa Turanci, wani lokaci har da 'yar na'ura da kwamfuta. Ba ya kiran hajarsa magani, ƙarin abinci yake kiranta. Yana bin ofisoshi da makarantu da wuraren taron mata, yana kuma aika saƙo ta WhatsApp. Bayaninsa ɗaya ne ga kowa: wai kumburin cikin nan da ya dame ka shekara da shekaru, da murɗa, da yawan iska, da kasala, duk aikin wani yis ne da ya yi yawa a hanjinka, kuma ba za ka rabu da shi ba sai ka sha kwalba kaza wata uku a jere.

Manufarmu a yau ita ce mu tankaɗe wannan magana mu rairaye ta. Ciwon gaskiya ne, babu mai musun haka. Amma labarin yis ɗin, mafi yawansa ba gaskiya ba ne, kuma cikin tulin kwalaben nan kaɗan ne ƙwarai aka tabbatar suna da amfani, su ma kuma ba su ne masu tsadar ba.

Wane Ciwo Ne Wannan?

Likitoci suna taƙaita sunan ciwon da haruffa uku, IBS. Mu a nan bari mu kira shi rikicin hanji. Alamunsa sanannu ne ga duk wanda ya taɓa fama da shi. Ciki ya riƙa murɗawa, musamman bayan cin abinci. Ya kumbura kamar ganga da yamma, alhali da safe lafiya lau yake. Wani ya yi ta gudawa, wani cikinsa ya ɗaure kwana uku, wani kuwa yau gudawa gobe ɗaurewa. Sau da yawa in mutum ya zaga sai ya ji sauƙi, wani lokaci kuma ya ga majina a bayan gida, ko ya fito yana jin kamar bai gama ba.

Ƙwararrun likitocin ciki na duniya suna da wani ma'auni da ake kira ma'aunin Rum, da sunan babban birnin Italiya. Bugu na huɗu na wannan ma'auni, wanda ya fito a 2016, ya ce ana kiran ciwo rikicin hanji in mutum yana jin ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a kowane mako cikin wata 3 na baya, ciwon kuma yana da nasaba da aƙalla biyu daga cikin waɗannan: zagawa, da sauyin yawan zagawar, da sauyin kamannin bayan gida, sa'an nan alamun sun fara tun wata 6 da suka shige.

Ciwon ba na Turawa kaɗai ba ne. A 2005 likitocin Jami'ar Jos, wadda ba ta da nisa da Kafanchan, sun buga sakamakon binciken da suka yi tsakanin ɗalibai, suka sami alamun ciwon ga wajen ɗaya cikin kowane huɗu, bisa ma'aunin wancan zamani wanda ya fi na 2016 sassauci. A 2021 kuma aka buga wani babban bincike da ya haɗa mutum fiye da 73,000 a ƙasashe 33, har da Nijeriya da Gana. An gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka amsa ta intanet suna da ɗaya daga cikin irin waɗannan matsaloli na ciki da awo ba ya nuna rauni a cikinsu, wajen kashi 4 cikin 100 kuma rikicin hanji ne sosai.

Abin da ke ɗaure wa majiyyaci kai shi ne, ana duba hanjin sai a tarar ba gyambo, ba ƙari, ba kumburi. To, ina ciwon yake? Yana cikin yadda hanji da ƙwaƙwalwa ke musayar saƙo. Hanji yana da jijiyoyi masu ɗimbin yawa. A jikin mai wannan ciwo jijiyoyin sun cika saurin ji, har iskar da wani ba zai ma san da ita ba, shi sai ta zame masa azaba. Motsin hanjin ma yakan yi sauri fiye da kima ko ya yi nawa. Wajen mutum ɗaya cikin 10 da suka yi muguwar gudawa ta gurɓataccen ruwa ko abinci, sukan ci gaba da wannan rikici bayan ƙwayar cutar ta tafi. Damuwa da fargaba da rashin barci kuma suna rura wutarsa. Manomin da amfanin gonarsa ya lalace ga bashin taki a kansa, ko uwar da ke kwana da ido ɗaya saboda zaman ɗar-ɗar, ba abin mamaki ba ne cikinsu ya riga bakinsu yin magana.

Labari mai daɗi shi ne, rikicin hanji ba ya kisa, ba ya kuma rikiɗa ya zama sankara. Amma yana hana sakewa, yana hana tafiya mai nisa, yana sa malami ya bar aji ya fita da gudu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Wannan shi ne jarin mai kwalba.

Daga Ina Labarin Yis Ya Fito?

Yis ɗin da ake magana sunansa Kandida. Ɗan uwa ne na nesa ga yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, kuma yana cikin dangin fumfuna. Abin da mai kwalba ba ya faɗa shi ne, Kandida yana zaune a baki da hanji da fatar mutane masu yawa waɗanda lafiyarsu ƙalau. Ɗan gida ne, ba baƙo ba. Saboda haka ganinsa a awon bayan gida kaɗai ba ya nuna cuta.

Maganar cewa shi ne ummul'aba'isin kowace kasala da kumburin ciki, a Amurka aka haife ta. Wani likita mai suna Orian Truss ya fara yaɗa ta a 1978, sa'an nan wani likitan, William Crook, ya rubuta littafi a kai a farkon shekarun 1980, littafin ya sami kasuwa ƙwarai. Sai dai da aka zo awo, magana ta ƙi tsayawa. A 1986 ƙungiyar likitocin Amurka masu kula da borin jini da garkuwar jiki ta fitar da matsayinta, ta ce wannan ra'ayi hasashe ne da ba a tabbatar ba. A 1990 kuma likitoci a Jami'ar Alabama suka gwada shi a kan mata 42 waɗanda aka ce suna da wannan larura. Wani lokaci a ba su maganin kashe yis na gaske mai suna nistatin, wani lokaci a ba su holoƙo, watau ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da sun san wanne suke sha ba. Sakamakon ya nuna cewa wajen kasala da damuwa da sauran alamun jiki gaba ɗaya, maganin bai fi holoƙon da wani abin kirki ba.

Wannan ba ya nufin Kandida ba ya cutarwa. Yana yi, amma yana da ƙofofin da yake shiga, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yakan fito fari-fari a harshen jariri kamar guntun kindirmo. Yakan sa mata ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri. Yakan kama maƙoshin mai cuta mai karya garkuwar jiki har haɗiya ta gagara. Yana samun dama a jikin mai ciwon sukari da ba a kula da shi ba, da mai shan magungunan ƙara ƙiba na sitiroyid, da wanda ya daɗe yana shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Ga majiyyatan da suka galabaita a asibiti yakan shiga jini, ya yi kisa. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya nau'i biyu na Kandida a sahun farko na jerin fumfunan da suka fi haɗari. Har ila yau wasu likitoci a Amurka sun nuna cewa akwai majiyyatan da fumfuna ke yi wa yawa a ƙaramin hanji, musamman masu yawan shan maganin rage tsamin ciki da waɗanda hanjinsu ba ya motsi sosai. Amma ba a gane wannan sai an zura bututu mai ido ta baki an ɗebo ruwan hanjin an auna. Ba a gane shi ta tofa yawu cikin kofin ruwa, ba a kuma gane shi ta riƙe sandar ƙarfe a hannu minti ɗaya kwamfuta ta tofo takarda.

Mutanen kudancin Kaduna sun fi kowa sanin aikin fumfuna ta gaske. A daminar 2023 cutar fumfuna ta auka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu. Ba wanda ya bukaci mai jaka ya zo ya faɗa masa. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe, manomi ya tona ya gani da idonsa. Haka cutar Kandida ta gaske take: tana da alamun da likita ke gani, da awon da ke tabbatar da ita, da magani takamaimai na kwanaki ƙidayayyu. Cutar da ba ta da alama sai wadda kowa ke da ita, ba ta da awo sai na mai sayarwa, ba ta kuma warkewa sai an ƙara kwalba, lalle abar tuhuma ce.

Abin takaici kuma shi ne, an bar jaki ana dukan taiki. Babban abin da ke buɗe wa Kandida ƙofa a garuruwanmu shi ne shan kafso barkatai. Da zarar ciki ya murɗa sai a ce taifot ne ko sanyi, a nufi kemis a haɗo magunguna kala uku. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare hanji, su bar fili ga yis, su kuma ƙara dagula cikin da ake son gyarawa. Daga nan sai a koma shan maganin kashe yis ba bisa ƙa'ida ba, wanda shi kuma yana koya wa yis ɗin taurin kai. Ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, ketokonazol na haɗiya, tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taka masa burki saboda lahanin da yake yi wa hanta.

To, Me Ya Sa Wasu Ke Cewa Sun Ji Sauƙi?

Tambaya ce mai kyau, kuma masu faɗin haka ba ƙarya suke yi ba. Dalilai uku ne.

Na farko, rikicin hanji ciwo ne mai tashi da kwanciya. Mutum yakan sayi magani ne ranar da ciwon ya kai ƙololuwa, daga nan kuwa sauka zai yi, ko an sha ko ba a sha ba.

Na biyu, sa rai kansa magani ne ga wannan ciwo. A gwaje-gwajen da aka yi, fiye da kashi ɗaya bisa uku na masu rikicin hanji sukan ce sun sami sauƙi bayan shan holoƙo. A 2010 masu bincike a Jami'ar Harvard sun raba majiyyata 80 gida biyu. Kashi ɗaya aka ba su holoƙo, aka kuma faɗa musu gaskiya cewa babu magani a ciki. Duk da haka kashi 59 cikin 100 nasu suka ce sun sami sauƙi, a kan kashi 35 na waɗanda ba a ba komai ba. In holoƙon da aka bayyana yana wannan aiki, ina ga kwalba mai tsada da aka kawo da daɗin baki?

Na uku, mai kwalba yakan haɗa da dokar abinci: a bar burodi, a bar madara, a bar lemon kwalba da kayan zaƙi, wai don a kashe yis da yunwa. Mutum ya bari, ya ji sauƙi, ya gode wa kwalba. Alhali abincin da ya bari su ne ke cika masa hanji da iska tun asali. Dokar ce ta yi aiki, ita kuwa kyauta ce.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata a farga da ita. Da yawa daga cikin shayin wankin ciki akwai filasko ko makamancinsa a ciki. In an sha sai ciki ya ɓarke, majina ta fito, a ce wa mutum ga dattin nan yana fita. In ya ce jikinsa ya ƙara tsanani, a ce masa ai alamar yis na mutuwa ke nan, ya daure. Ta haka in ka ji sauƙi magani ya yi aiki, in ka ji jiki ma magani ya yi aiki. Ciniki ke nan da mai kaya ba ya taɓa faɗuwa.

Waɗanne Ne Ke Da Amfani?

Adalci ya wajaba a nan, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A 2021 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka da takwararta ta Ingila kowace ta fitar da jagora kan wannan ciwo bayan nazarin gwaje-gwajen da aka yi. Ga abin da ya tsira daga rariya.

Na ɗaya shi ne ɓawon irin wani tsiro da aka fi nomawa a Indiya, ana kiransa siliyam ko isfagula. Garinsa in ya sha ruwa yakan yi yauƙi, ya tausasa bayan gida mai tauri, ya kuma ɗan kama mai ruwa. Ƙungiyoyin biyu duk sun yarda da shi. Shawarar likitocin Ingila ita ce a fara da kaɗan, giram 3 zuwa 4 a rana, a ƙara sannu a hankali don kada ya kumbura ciki. Tilas a sha shi da cikakken kofin ruwa. A lura, ba kowace dusa ce ke wannan aiki ba. Dusar alkama mai kaushi takan ƙara ɓata lamari: wani bincike da aka buga a Ingila a 1994 ya sami fiye da rabin majiyyatan da aka tambaya suna cewa ta ƙara musu ciwo. Mu kuwa da muka tashi da miyar kuɓewa da kuka da karkashi da lalo, abinci mai yauƙi ba baƙonmu ba ne, kuma bai kamata mu raina shi don ba a kwalba ya zo ba.

Na biyu shi ne man na'a-na'a da aka zuba cikin kafso mai rufi na musamman, wanda ba ya narkewa sai ya wuce tumbi ya isa hanji. Yana sassauta murɗar hanji. Amfaninsa matsakaici ne, kuma yakan tayar wa wasu da ƙwarnafi. Ana haɗiye shi ne ɗungurungum kafin cin abinci, ba a tauna shi, ba a fasa shi.

Na uku su ne ƙwayoyin halitta masu amfani da ake sayarwa da sunan furobayotik. A nan likitocin sun rabu. Na Amurka ba su ba da shawarar a sha ba, domin hujjar ba ta da ƙarfi, kuma nau'o'in sun yi yawa, kowane kamfani da nasa. Na Ingila suka ce wanda ke so ya gwada har tsawon mako 12, in bai ga canji ba ya daina. Wannan ƙa'ida ta a gwada, a ƙidaya kwanaki, a daina, ita ce ba za ka taɓa ji daga bakin mai kwalba ba.

Ina labarin cittarmu? Kudancin Kaduna ne cibiyar noman citta a Nijeriya, kuma muna alfahari da ita. Tana da amfani wajen rage tashin zuciya. Amma da aka gwada ta kan rikicin hanji a Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka, aka buga sakamakon a 2014, majiyyata 45 ne suka sha ta ko holoƙo tsawon kwana 28, kuma cittar ba ta fi holoƙon ba. A sha ta a kunu da shayi don daɗinta. Amma abin dariya ne, kuma abin kuka, manomin da ya sayar da buhun citta ya kwashi kuɗin ya sayo garinta cikin kafso da sunan maganin yis.

Game da lambar hukuma kuma, akwai abin lura. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana bai wa magungunan gargajiya da yawa lamba mai ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba an ga abin ba ya cutarwa a gwajin da aka yi, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba. Shi ya sa za ka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kada kuma a ruɗe da cewa kaya daga Amurka suka zo. Dokar da ƙasar ta yi a 1994 ta ba kamfanonin ƙarin abinci damar kai hajarsu kasuwa ba tare da sun fara tabbatar wa hukuma cewa tana magani ba.

Haɗarin Da Ya Fi Asarar Kuɗi

Asarar kuɗin buhun masara ko kuɗin makarantar yara abin baƙin ciki ne, amma ana mayar da shi. Abin da ba a mayarwa shi ne lokaci. A ƙasarmu cututtuka da yawa suna shigar burtu da kamannin rikicin hanji: tsutsar ciki, da ƙwayar amiba mai kawo atuni, da jiyadiya ta gurɓataccen ruwa, da ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, da tibin hanji, da cuta mai karya garkuwar jiki, da sankarar hanji. Likitocinmu sun sha nuna cewa sankarar hanji tana kama 'yan Nijeriya da ƙarancin shekaru fiye da yadda take kama Turawa, kuma galibi ba a zuwa asibiti sai ta yi nisa. Wata shida da mutum ya ɓata yana yaƙi da yis na iya zama bambanci tsakanin aikin da zai cece shi da wanda ya makara. Kada garin neman gira a rasa ido.

Saboda haka duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya ajiye kowace kwalba ya nufi asibiti: jini a bayan gida ko bayan gida baƙi ƙirin, rama ba dalili, ƙarancin jini, zazzaɓi ko gumin dare, gudawar da ke tayar da mutum daga barci, ƙullutu a ciki, wahalar haɗiya ko amai mai nacewa, ciwon da ya fara bayan an haura shekara 45 ko 50, ko kuwa in wani a dangi ya taɓa yin sankarar hanji. Kada a ce basir ne a zauna. Mace da ta manyanta, wadda kumburin ciki ya zo mata sabo ya kuma ƙi tafiya, ita ma a duba mata mahaifa da ƙwai. Mutumin Samarun Kataf ba shi da uzurin nisa: ga asibitin Saint Louis a Zonkwa, ga babban asibitin Kafanchan, in abin ya fi ƙarfinsu kuma ga asibitocin koyarwa na Jos da Zariya. Awon bayan gida da na jini kuɗinsu bai kai na kwalaben wata uku ba.

In An Tabbatar Rikicin Hanji Ne Fa?

To, sai a gode wa Allah, a kama aikin da ke hannun mutum. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta abin da aka ci da yadda ciki ya kwana, har mako biyu ko uku. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostareliya sun nuna tun 2005 cewa akwai wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya tsotsewa sosai, sai su wuce babban hanji su yi tsami su haifar da iska. Suna da yawa a albasa, da tafarnuwa, da wake, da alkama, da madara, da zuma, da mangwaro, da kankana. Shinkafa da dankalin Turawa da ƙwai da nama da kifi ba su cika tayar da ciki ba. Ba cewa aka yi a haramta waɗannan har abada ba. Ana rage su mako 4 zuwa 6, sa'an nan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har a gane mai laifin. Yara da masu juna biyu da ramammu kada su shiga wannan sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Batun madara yana da muhimmanci a wajenmu. Tun 1971 wani bincike da aka yi a Nijeriya ya nuna cewa yawancin Fulani makiyaya suna iya narkar da sukarin madara har girmansu, amma yawancin manya daga sauran al'ummun da aka auna ba sa iyawa. Mutum na iya shekara goma yana zargin yis, alhali madarar shayin safe ce ke murɗa masa ciki. Nono da kindirmo, da yake sun yi tsami, sukarinsu ya ragu, kuma sun fi sauƙi ga mutane da yawa.

A ci abinci kan lokaci, a ci a natse, a rage maiƙo da yaji da barasa da lemo mai gas. A motsa jiki, a sami barci. A tafasa ruwan sha ko a tace shi, domin kowace sabuwar gudawa tana iya tayar da tsohon rikici. Akwai kuma magungunan asibiti masu araha na murɗa da na gudawa da na ɗaurewar ciki. Har ma a 2023 wani gwaji da aka yi a Ingila kan majiyyata 463 ya nuna cewa ɗan ƙaramin awo na wani tsohon magani mai suna amitiriftilin yana lafar da jijiyoyin hanji fiye da holoƙo. Amma wannan likita ne kaɗai ke rubuta shi, ba na saye a tebur ba ne.

Kira Ga Masu Ruwa Da Tsaki

Ga ma'aikatan lafiya, muna roƙo da a daina sallamar majiyyaci da cewa ba a ga komai ba. Wanda aka gaya wa haka alhali yana jin ciwo, kai tsaye wurin mai kwalba zai nufa, domin shi ya saurare shi, ya kuma raɗa wa ciwonsa suna. A zaunar da shi minti biyar, a faɗa masa sunan ciwon, a bayyana masa cewa ba ya kisa, a nuna masa abin yi.

Ga hukumomi, tallar da ke cewa kwalba ɗaya tana maganin yis da sanyi da sukari da rashin haihuwa, a kasuwa take ko a rediyo ko a waya, ta cancanci a bi sawunta. Ga limamai da fastoci da shugabannin ƙungiyoyin mata, a yi hattara da wanda ke neman aron taronku don ya baje haja, domin jama'a suna saye ne saboda amincewar da suka yi muku. Ga matasanmu da rashin aiki ya tura wannan sana'a, neman halali ba laifi ba ne, amma kada ka kira kanka likita, kada kuma ka hana mai zubar da jini zuwa asibiti don kana son cika adadin cinikin wata.

Kai kuma mai karatu, kafin ka kwance lalitarka, yi wa mai kaya tambaya uku: wane awo ne ya nuna ina da wannan cuta, a ina aka gwada wannan magani, kuma ranar yaushe zan daina sha? In ya kasa amsa su, riƙe kuɗinka ka kai asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu ita. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.